Masu Zuwa Ƙarfe Shida

Dubai, 8 ga Oktoba

Zuwa ga Goggo A'i,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gidan Kurna duka. Yaya ƙafar? Na san waya ba ta yi miki amfani tun da sanƙarau ya tafi da jinki, shi ya sa na nemo biro da takarda kamar 'yar lakwal, wato 'yar makaranta. Hajiya Aziza mai kargo ce za ta kawo miki, ranar Juma'a nake hutu nakan je wajenta a Muraƙƙabat. Ni lafiya lau. 'Yata Mahfuza tana Maraɗi wajen ƙanwata, karatu yana tafiya.

Tun da Inna ta rasu ba ni da babba a dangi sai ke, ko da yake haɗuwarmu ba ta fi uku ba. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ban san wanda zan tambaya ba.

Wata huɗu ke nan ina aiki gidan wata Baturiya 'yar Danmak, Madame Rikke Dalsgaard. Sana'arta buga tanis. Kada ki yi dariya, Goggo, da wannan 'yar ƙwallo take ci take sha. Tana shekara shida ta fara, yanzu tana da talatin da uku. Ta taɓa zama ta talatin da takwas a matan duniya duka, sai gwiwa ta lalace, aka yi mata aiki har sau biyu, ta shekara biyu ba ta buga ba. Akwai babbar gasa a nan Dubai cikin Fabrairu. Ta ce in ta buga ta dawo ke nan, in ba ta buga ba ta ajiye raket, abin buga ƙwallon, har abada. Kullum tana fili tana zufa kamar mai noman haya. Mutuniyar kirki ce, tana jin Faransanci, tebur ɗaya muke cin abinci da ita, har takalma ta aika wa Mahfuza.

To ga maganar. Sau biyu ke nan wasu mutane suna zuwa, mace da namiji. Ƙarfe shida na safe daidai, ko minti ɗaya ba sa ƙarawa. Ba su da kayan sarki, motarsu ba rubutu. Namijin yana riƙe da ƙaramin akwatin sanyi. Macen doguwa ce, baƙa, da tabarau, ba ta gaisuwa, na ba ta ruwa ta girgiza kai. Daga sanda Madame ta buɗe musu, idon matar nan ba ya barin jikinta. Ta bi ta har banɗaki, Goggo, ta tsaya a kanta tana kallo. Suka karɓi fitsarinta suka raba kwalba biyu, suka ɗebi jininta a hannu, suka zuba cikin akwatin suka tafi. Ranar nan gwiwar ta kumbura, ko fili ba ta je ba. Zuwansu na biyu ma haka aka yi.

Na tambaye ta su wane ne. Ta ce, "Su ne contrôle. Duk inda zan kwana sun sani, ni nake rubuta musu da hannuna, wata uku gaba. Tun ina shekara sha tara suke bina. Na taɓa zuwa hutu wani tsibiri da ba shi da ko mota, na buɗe ƙofa na gan su." Ta yi dariya, amma ni tsigar jikina ce ta tashi.

Ke kin yi shekaru kina ungozoma, kin san abin da ake yi da abin da ya fita daga jikin mutum. Ki faɗa mini mene ne wannan. Don Allah kada ki nuna wa kowa takardar, an sa ni na sa hannu cewa ba zan fitar da maganar gidan ba.

Taki,
Hannatou

Na manta, ga shi na juya bayan takarda. Kafin su tafi sun yi ta rubuce-rubuce, aka manna lamba a kowace kwalba, Madame ta sa hannu, suka bar mata kwafi ɗaya.

Kurna, Kano, 24 ga Oktoba

Hannatu 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗi. Ƙafa da sauƙi, kunne kuwa yana inda yake, na huta da surutun jikoki. Rubutunki irin na 'yan Faransa, sai na yi ta juya takarda kafin in gane.

Wannan uwargijiya taki, na kasa faɗin sunanta, na sa mata Rakiya. Mace ta kai talatin da uku tana bin ƙwallo da matankaɗi! To, kowa da abincinsa, Allah ya ba ta sa'a tun da tana riƙe ki da mutunci.

Amma maganar baƙin nan ta hana ni cin tuwo. Shekara arba'in na yi ina karɓar haihuwa, ban taɓa barin mabiyiya ta kwana a waje ba. A wanke, a binne, mutum biyu kawai su san wurin. Tsumman jinin biƙi ni nake ƙona shi da hannuna. Kina tsammani wauta ce ta sa iyayenmu suke tara gashin da suka taje su tura a rami? A unguwarmu ta dā akwai Salamatu mai ɗinkin hula, duk Kano ba mai hannunta. Wata abokiyar sana'arta ta riƙa zuwa wai tana yanke mata farce. Kafin shekara ta zagayo hannun Salamatu ko allura ba ya riƙewa. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Ke kuma kin ce fitsari da jini, har kwalba biyu, kuma duk zuwansu sai gwiwa ta kumbura. Me ya rage a tambaya? Wasa ne na gasa, akwai waɗanda ba sa son ta dawo. Turawa ma mutane ne, suna da hassada.

Ga shawarata. Kada ki yi faɗa da su, ba ki san abin da suke ɗauke da shi ba. Kada kuma ki gaya mata, wanda aka kama shi ne yake fara kare masu kamun, sai ta kore ki a banza. Ki dai nemi dabarar da ba za su ƙara kaiwa gare ta ba. Ki riƙe Falaƙi da Nasi safe da yamma, ki tofa a bakin ƙofa. Kin ci gishirin gidanta, haƙƙinta yana wuyanki.

Goggonki,
A'i

Dubai, 26 ga Nuwamba

Goggo,

Ina gaisuwa, da fatan sanyi ya zo muku da sauƙi. Ni lafiya, sai ɗan ciwon baya. Na bi maganarki, kuma na ga aikinta.

Gidanmu yana da katanga da ƙofar ƙarfe, sai fili, sannan falo. In aka danna ƙararrawa a waje, wani ɗan gilashi a bangon falo yakan kawo haske ya nuna fuskar mai dannawa. A gefensa akwai abin rage ƙara. Tun da takardarki ta zo, kullum kafin shida nake murɗe shi, in bakwai ta yi in mayar. Madame tana sama tana barci a lokacin.

Ranar Talata sha huɗu ga wata suka zo. Ina goge tebur sai gilashin ya kawo haske, ba ƙara. Fuskar matar nan ta cika shi, tana kallona kamar tana ganina. Na san ba ta gani. Ta danna, ta jira. Gilashin ya mutu. Bayan minti goma ya sake kawowa. Goggo, awa ɗaya cur suka yi a tsaye. Wane baƙo ne zai yi awa ɗaya a ƙofar da ba a buɗe ba? Ba su yi hira ba, ba su zauna a mota ba. Bakwai tana cika namijin ya duba agogo, suka juya a tare.

Satin nan gwiwa ba ta kumbura ba ko kaɗan. Madame ta buga da wata 'yar Rasha mai shekara ashirin ta cinye ta, ta dawo tana waƙa da yarensu, ta ɗaga ni sama a kicin. Na ce a raina Goggo ta yi gaskiya.

Sai dai shekaranjiya saƙo ya shigo mata a kwamfuta muna karyawa. Na ga fuskarta ta yi fari fat. Ta ce, "Hannatou, ranar sha huɗu ina gida, ko ba na gida?" Na ce tana gida. Ta ce, "Wai sun zo, sun danna awa ɗaya. Kin ji wani abu?" Na ce ban ji ba. Ban yi ƙarya ba, Goggo, ai ba ta yi ƙara ba.

Ta ce biyu ke nan. Ɗaya tun Afirilu, jirgi ya makara da ita suka zo ba ta nan. In ya kai uku a shekara ɗaya za su hana ta wasa shekara biyu. Kin ji ko? Da suka ga sun rasa jini sai suka koma barazana. Ta yaya mutum biyu da akwati za su hana mutum sana'arsa, in ba akwai wani abu a ƙasa ba?

Ta kira mai gyaran wuta, wani Hafiz ɗan Pakistan. Ya ce ƙararrawa lafiyarta ƙalau, ya ƙure ƙarar ya liƙe wurin da salatif. Amma yana aiki ina kallo, na ga makunnin da ya kashe a akwatin wuta na tsakar gida. In aka sauke shi, ƙararrawa da gilashi duk mutuwa suke yi.

Ki ci gaba da yi mana addu'a, saura wata biyu da 'yan kwanaki.

Taki,
Hannatou

Kurna, 5 ga Disamba

Hannatu,

Sallama. Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, ki karanta wannan a tsaye.

Ki daina taɓa ƙararrawar nan. Ki daina yau ɗin nan.

Da takardarki ta biyu ta zo, na ɗauko ta farkon don in haɗa su wuri ɗaya, sai ta faɗi ta kife. Ashe akwai rubutu a baya, ban taɓa juyawa ba. Lamba a kan kwalba, sa hannu, har da kwafi. Na yi shekara tara ina taya ma'aikatan asibitin haihuwa, haka muke yi wa jinin masu ciki, lamba a kwalba, lamba a takarda. Ni ban taɓa jin bokan da yake bar wa mutum kwafi ba.

Na ɗauki sandata na shiga gidan Malam Nasir, maƙwabcinmu mai koyar da wasanni a sakandare. Ban faɗi suna ba, na ce labari ne na ji. Ya rubuta mini amsa a littafinsa, shafi guda. Ya ce hukuma ce ta wasanni. Akwai 'yan wasa da suke shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi su cuci abokan karawa, shi ne ake zuwa ba sanarwa a auna kowa. Kallon banɗaki don kada a musanya fitsari ne. Kwalba biyu don in an yi gardama a buɗe ta biyun. Ya ce wanda aka nema sau uku ba a same shi ba, hukuncinsa kusan ɗaya da wanda aka kama da ƙwaya, kuma duniya za ta ɗauka guduwa yake yi.

Kumburin gwiwa kuwa, gwiwar da aka tsaga sau biyu ai ba ta neman izinin kowa kafin ta kumbura. Ni da na san wannan na bar labarin Salamatu ya rufe mini ido.

Laifina ne. Kin tambayi tsohuwa ta amsa miki da rabin takarda. Na sa an kira lambar da nake da ita, aka ce ta Nijar ce, ba ta shiga. Na kai wa Hajiya Aziza wannan da kaina, ta ce bayan bikin 'yarta za ta taso. Allah ya sa ta riga su isowa.

A'i

Dubai, 29 ga Disamba

Goggo,

Ina gaisuwa. Shiru har yanzu, ko lafiya? An ce Hajiya Aziza tana Kano wajen biki, shi ne na ba Alhaji Safiyanu mai kwantena wannan. In ƙafar ce ta tashi ki sa a rubuto mini ko layi ɗaya ne.

Abin ya ƙara girma. Kin san kiranye, yadda ake kiran mutum daga nesa ya tashi ya tafi ba ya ji ba ya gani? To irinsa nake gani. Madame ta daina barcin safe. Shida saura kwata take saukowa da rigar barci, ta ja kujera gaban gilashin, ta zauna. Ba ta shan kofi, ba ta duba waya. Ido a kan baƙin gilashi, hannu a kan gwiwa, har bakwai. In na yi mata magana sai ta ɗaga yatsa, wai in yi shiru kada ta rasa ji. Ta rame, idanunta sun faɗa. Mutanen da suke zuƙe mata jini, su take jira kamar mai jiran ɗanta daga tafiya. Tausayinta har kuka yake sa ni.

Ni kuma shida saura nake fita da tsintsiya, in sauke makunnin, in yi ta shara har bakwai in mayar. Da rana takan fita ta danna ta gwada, ta ji tana ƙara, hankalinta ya kwanta.

Ranar Alhamis ashirin da ɗaya suka dawo. Ban ji tsayuwar mota ba. Ina shara kusa da ƙofa sai na ga takalma ta ƙarƙashi, baƙaƙe na namiji, farare na mace, a jere. Tsakanina da su bai fi taku uku ba. Na waiwaya, ta tagar falo ina hango Madame a zaune tana kallon gilashi. Ga su nan, ga ta can, ni a tsakiya da tsintsiya.

Matar ta ƙwanƙwasa ƙarfen a hankali, sau uku. Na ƙara ƙarfin shara don ya danne. Ta yi sallama, Goggo, da muryar mutane sosai, amma na tuna kin ce ban san abin da suke ɗauke da shi ba. Na matsa jikin ƙofa ina karanta Falaƙi da Nasi ina tofawa. Takalman nan ba su motsa ba har bakwai. Wurin da na share ranar har ƙasa ta yi rami.

Da na shiga Madame ta miƙe ta yi miƙa, ta ce, "Bon, yau ma ba su zo ba." Ta yi mini murmushi.

Na kare ta, amma ban ji daɗin da na ji karon farko ba. Ki rubuto, ina bukatar jin na yi daidai.

Hannatou

Dubai, 28 ga Janairu

Goggo,

Ina gaisuwa. Jikina lafiya, sauran ba lafiya.

Takardarki ta biyar ga Disamba shekaranjiya ta zo hannuna. Bayan biki biza ce ta riƙe Hajiya Aziza. A jirgin ƙasa na buɗe ta daga tashar Rigga, ban farga ba sai da muka kai ƙarshen layi, wani ma'aikaci yana ce mini yalla, yalla, khalas, wai in sauka.

Amma tun kafin ta zo gidan ya riga ya rushe. Tara ga wata saƙo ya zo, uku sun cika. Madame ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ina zaune a gabansa. Ina kallonsa." Ta yi ta maimaitawa. Hafiz ya dawo ya kwance komai, ya ce ba abin da ya samu ƙararrawa. Ta je likitan kunne, aka ce jinta ƙalau. Ta je aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Yanzu tana cewa wataƙila tana suma ido buɗe ba ta sani ba, kakarta ma haka ta fara kafin ta manta sunan 'ya'yanta. Ta daina tuƙa mota. Jiya na same ta tana rubuta wa kanta a takarda cewa ta ci abinci, don kada ta manta.

Labarin ya fita a jaridun ƙasarsu. Kamfanin da yake ba ta takalma ya janye. Mutane suna rubuta mata cewa dama da ƙwaya ta warke, shi ya sa take ɓuya. Mace ce da ko maganin mura ba ta sha sai ta kira likita.

A rahoton mutanen nan an rubuta cewa sun ji ana shara a ciki. Lauyanta ya tambaye ni, na ce mai lambun maƙwabta ne. Wannan karon ƙarya na yi, tsagwaronta, a gaban Madame, ita kuma ta dafa kafaɗata ta ce wa lauya ya bar ni, tsoro yake ba ni.

Za a zauna shari'a ran shida ga Fabrairu. Lauya ya ce in ba a nuna cewa ba sakacinta ba ne, shekara biyu ce.

Na gaya wa Hajiya Aziza komai. Ta ce, "Ke Hannatu, ki rufa wa kanki asiri. Nan ba Maraɗi ba ce. In kika buɗe baki biza ta tafi, wataƙila har 'yan sanda. Wa zai riƙe miki Mahfuza? Baturiya ce, ba za ta rasa abinci ba." Na san tana da gaskiyarta. Amma ba abinci na raba ta da shi ba. Na sa mace mai cikakken hankali tana zaton ta haukace, kuma ni nake kai mata shayi.

Ban ga laifinki ba, ke rabin takarda kika gani, ni kuwa komai a gabana aka yi. Gobe in ta dawo daga fili zan faɗa mata.

Hannatou

Dubai, 3 ga Maris

Goggo,

Assalamu alaikum. Na samu gaisuwarki ta bakin Hajiya, ta ce kin rame kina ta azumi. Ki ci abinci don Allah. Ni lafiya.

Na faɗa mata. Na kai ta tsakar gida na buɗe akwatin wuta, na sauke makunnin a gabanta, na ce ta je ta danna. Ta danna, shiru. Na mayar, ta danna, ta yi ƙara. Ta zauna a ƙasa a nan bakin ƙofa ta daɗe. Abin da ta fara cewa shi ne, "Ashe ƙalau nake." Sannan ta tambaye ni dalili. Na ba ta labarin mabiyiya da gashi da Salamatu, Faransancina yana ta ƙarewa. Na jira mari ko ihu. Sai ta ce, "Shekara sha huɗu suna shigo mini har banɗaki, ba wanda ya taɓa cewa abin ya dame shi saboda ni. Sai ke. Ga kuma inda ya kai mu." Daga nan ta hau sama, kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Na ba da shaida ta kwamfuta, alƙalai uku, da tafinta. Sun yarda da ni. Amma sun ce gidanta ne, mai aikinta ce, kuma bayan na biyu ya kamata ta zauna a bakin ƙofar waje. Suka rage zuwa shekara ɗaya. Lauya yana murna, ita kuwa ta ce shekara ɗaya ga gwiwa irin tata daidai take da goma.

An yi gasar an gama. Ranar buɗewa ta rufe labule duka, ta zauna tana cire igiyar raket ɗinta ɗaya bayan ɗaya da almakashi. Ran ashirin da biyar ta sa hannu a takardar barin wasa. Talata ta koma garinsu, Aalborg. Ba ta kai ni ƙara ba, ta ma haɗa ni da wata ƙawarta likita a Abu Hail, can zan koma aiki. A filin jirgi ta ba ni hannu, ba ta rungume ni ba, ban kuma ga laifinta ba.

An bar ni in share gidan kafin a mayar da makulli. Jiya da safe, ƙarfe shida daidai, ƙararrawa ta yi ƙara. A gidan da ba kaya, ƙarar har cikin haƙorana. Na fita na buɗe ƙofar da hannuna.

Su ne, da akwatinsu. Takardar barin wasan ba ta kai gare su ba. Na ce Madame ta tafi, ta bar wasa. Namijin ya koma gefe yana waya. Ni kuma na ce a hankali, da Hausa, "Allah ka yafe mini." Sai matar ta cire tabarau ta ce, "Amin, 'yar'uwa."

Goggo, Bahaushiya ce. Sunanta Ummulkhair, 'yar Hausawan Sudan, kakanninta daga Haɗeja suka tashi za su Makka suka zauna a hanya. Nas ce, tana da 'ya'ya uku a Sharja, wannan aikin na safe take yi kafin ta wuce asibiti. Ta ce dokar aikin ce ta hana ta gaisawa da karɓar ruwa, in ta ɗauke ido daga mai wasa an ɓata gwajin. Yau da ba kowa, ta roƙe ni ruwa ta sha a tsaye.

Da za ta tafi ta dubi ƙofar ta ce, "Ke ce mai sharar ran nan ko? Na ji ki ta bayan ƙarfe kina Falaƙi da Nasi. Na ce wannan baiwar Allah ba ta son a katse mata addu'ar safe, shi ya sa ban ƙara bugawa ba. Har na bi ki ina karantawa."

Na karɓi kofin, na tsaya a ƙofa a buɗe har motarsu ta sha kwana.

Ki gaida mutanen gida.

'Yarki,
Hannatou